Zabirar Gidanmu a Hanyar Tamanrasset

Ni wanzami ne, ɗan wanzami, daga wani ƙauye a ƙasar Ollelewa, cikin Damargu. Sunana Habu. Ban yi nisa a karatun lakwal ba, amma ina rubutu daidai gwargwado, kuma ba na son a faɗi na biyu kafin na farko. Dalilin fitata ba sai na tsaya a kansa ba, kowa a Damargu ya san shi: gero bai yi ba, samari kuma sun koma wajen mai tondez, injin askin da ke aiki da wutar rana, a bakin kasuwa. Abin da zan faɗa shi ne abin da na ɗauka, da inda na kai shi, da abin da na dawo da shi.

Zabira ita ce jakar fata da wanzami ke ratayawa a kafaɗa. Tamu ta kakana ce, kuma akwai tsarin da ake shirya ta da shi. Dutsen washi ne ke fara shiga, can ƙasa, a naɗe cikin tsumma don kada ya ci fatar. Sai ƙahoni biyu, ƙarami a cikin babba. Sai ƙoƙon ruwa a kife a kansu, da dunƙulen sabulun salo a ƙarƙashinsa, wanda aka shanya ya bushe sarai. Sai almakashi. Sai fatar da ake goga bakin aska a kanta, a nannaɗe. Asake su ne na ƙarshe, kowace a aljihunta, baki yana kallon ƙasa. Ba a mayar da aska da laima a jikinta. A share ta, a bar ta ta sha iska, a shafa mata man gyaɗa da ɗan yatsa, sannan ta shiga. Wanda ya saɓa wannan tsarin, ko tsatsa ta ci masa ƙarfe, ko ya zura hannu cikin gaggawa ya yanke yatsa.

Asake huɗu ne a ciki. Uku ni na saye su. Ta huɗun muna kiranta Tsohuwa. Wani maƙeri a Tarka ya ƙera wa kakana ita. Washi ya cinye ta har ta sirance kamar ganyen gero, kuma a ƙotarta akwai ɗan gurbi inda babban yatsan kakana ya zauna, na ubana ya bi, nawa ya bi. Kusan duk wanda aka haifa a ƙauyenmu da ita aka yi masa askin suna.

Ina shirin tafiya na yi niyyar barin ta a gida. Na faɗa wa Baba Ilu, ƙanen mahaifina. Shi ma wanzami ne, sai dai hannunsa ya kama rawa, idonsa ya dushe, ya ajiye sana'a ya miƙa mini zabira. Tun ranar sunansa babu ƙarfen da ya taɓa kansa sai Tsohuwa, kuma duk safiyar Juma'a kansa nake fara yi kafin na kowa.

Na ce, "Baba, bari in tafi da ukun, in bar maka ita."

Ya ce, "Ka taɓa ganin an raba zabira?"

"Hanyar ce ba ta da kyau."

"Ubanka ya kai ta Kano, ya kai ta Agadas, ya dawo da ita. Ba a raba ta, ba ta kwana gidan wani. Wanzamin da ya raba zabirarsa ya raba sa'ar hannunsa. Ka tafi da ita gaba ɗaya, ka dawo da ita gaba ɗaya." Ya shafa kansa da na aske masa da safe. "Wannan kuwa yana jiranka. Ba mai taɓa shi."

Shi ya zauna kusa da ni ina shiryawa, yana laluba kowane abu da yatsa kafin ya shiga.

Zango na farko, hanyar Agadas. A wata bariya, wato shingen hanya, bayan Tanut aka sauke mu ana duba kaya. Wani jandarma ya nuna ni.

"Kai mai jakar fata, me ke ciki?"

Na buɗe. Da ya ga asake a jere sai fuskarsa ta sake.

"A'a, Wanzam! Ai sai ka ce kai ne. Zo, gyara mini ƙeya kafin direbanku ya gama shayi."

Ya zauna kan benci a inuwar zana, na jiƙa masa ƙeya, na yi aikina. Abokin aikinsa na tsaye yana dariya, yana cewa, "Wanzam, ɗan rage masa kunnen nan ma, ya yi yawa." Da na gama ya ba ni dabino cike da tafin hannu, ko takardata bai duba ba. Na koma mota ina ganin zabira ta fi katin shaida. A ƙasarmu haka take. Wanda ya gan ka da ita ya san ko kai wane ne, ya san ba da sharri ka zo ba. Na ɗauka ko'ina haka ne.

Zango na biyu, Agadas. A gidan da ake tara masu jiran mota na haɗu da Lawali, mutumin Gangara, siriri, mai surutu, wanda ya sha zuwa arewa ana maido shi. Ya tarar da ni na baje kaya ina share su.

"Wanzam, wannan tarin wuƙaƙen ina za ka da su?"

"Ba wuƙaƙe ba ne. Asake ne."

"Ni na sani. Su can ba su sani ba. Ka ga, sayi dogon burodi ka cusa su a ciki. Jakar kuma ka tura ta cikin buhu, kada kowa ya gan ta."

"In cusa aska cikin burodi, laima ta ci ta? Ni ba ɓarawo ba ne da zan ɓoye kayan sana'ata."

"Duk gidan nan babu ɓarawo," in ji shi, "amma duba ka gani, kowa na ɗinke wani abu a wando."

Ban bi shawararsa ba. Duk da haka ya manne mini, wai tafiya da wanzami ta fi, ko ba komai mutum zai mutu da gemu a gyare.

Zango na uku, Arlit. Nan aka fara cutar mu. Wani ɗan kamasho mai farar riga, da carbi a hannu, yana ce wa kowa ɗan uwa, ya ce motar mutane kaɗai take ɗauka da bidon, wato jarkar ruwa, kaya kuwa wata mota za ta biyo mu da su. Ya karɓi jakar tufafina, da bargona, da ƙuli-ƙulin da matata Hadiza ta ɗaure mini. Ya miƙo hannu ga zabira.

Na ce, "Wannan ba ta rabuwa da ni."

"Haba ɗan uwa, amana ce fa."

"Na ji. Ba ta rabuwa da ni."

Motar kaya har yau ba ta iso ba. Lawali, wanda shi ma takalminsa na Juma'a ya tafi a ciki, ya ce, "Yau kam taurin kanka ya yi rana." Wannan ya ƙara mini yarda cewa maganar Baba Ilu ita ce daidai.

Zango na huɗu, hamada. An jera mu a bayan mota, ƙafafu a waje, kowa ya rungume sandar da aka kafa a gabansa. Na ɗaure zabira a cikina, ƙarƙashin riga. Direba yana gudu kamar ana bin sa. A wani tudu mota ta yi tsalle, wani ƙato ya faɗo mini a kan ciki, na ji ƙas. Na san ƙoƙon ne. Da aka tsaya da rana tsaka, mutane suka kutsa ƙarƙashin mota neman inuwa, ni kuwa na shimfiɗa tsumma na kwance zabira. Ƙoƙon ya dare gida uku. Rairayi ya shiga kowane aljihu. Na fitar da asake ɗaya bayan ɗaya, na hure su, na share, na shafa mai. Wani mutumin Matamai da leɓensa ya tsage ya dube ni ya ce, "Jama'a na tunanin ruwa, kai kana shafa wa ƙarfe mai." Na ci gaba da shafawa.  Na tona rami da hannu na binne gutsattsarin ƙoƙon. Da shi ubana ya jiƙa kaina ina yaro.

Direban bai kai mu gari ba. Ya sauke mu a fili, ya nuna gaba da haɓa, ya juya. Muka taka har ƙafa ta daina jin zafi, daga nan wasu motoci suka riƙa ɗibar mu kaɗan-kaɗan.

Zango na biyar, Tamanrasset. Mun sauka a wani kango da ba a gama ginawa ba, cike da 'yan ƙasarmu, na Damagaram, na Maradi, na Tawa. Juma'ar farko na tashi da wuri, na share wuri a bakin ƙofa, na shimfiɗa kwali maimakon tabarma, na ajiye dutse, na zuba ruwa a gwangwanin kifi tunda ƙoƙo ya tafi. Na zauna. Mutane suna wucewa suna gaishe ni, babu wanda ya zauna. Daga ƙarshe wani saurayi ya tsaya.

"Baba, aska ɗaya kai ashirin? Zamanin cuta ne fa."

Na ce ina gasa ta a wuta tsakanin kai da kai. Ya ce Allah ya ba da sa'a. A cikin kangon akwai mai tondez, yana cika ta da wuta a wurin aikinsa, yana yi wa mutum aski kafin ni in gama kumfa. Na zauna har aka kira salla. Na zubar da ruwan, na shanya abin da ban yi amfani da shi ba, na mayar bisa tsari.

Sai na bi Lawali shantiye, wato wurin gini. Ɗaukar siminti, ɗaukar bulo, kwaɓa. Wani lokaci a sallame mu, wani lokaci a ce mu dawo gobe, goben kuma mu tarar da wasu a wurinmu. Wannan bai dame ni ba kamar hannuna. Hannun wanzami sai da laushi, don da fatar yatsa ake jin bakin aska. Siminti ya cinye mini yatsu, suka tsattsage, suka yi kanta. Da yamma nakan gwada Tsohuwa a gashin damtsena, sai in ji kamar da hannun wani nake riƙe da ita. Na fara tsoron ko na koma gida ba zan iya ba.

Wata rana na kira Hadiza. Bayan gaisuwa ta ce an yi suna gidan maƙwabcinmu, kuma da reza aka yi wa jaririyar aski, wani ɗan uwansu ya yi, har ya ɗan yanke ta.

"Baba kuma fa?"

"Baba ya ƙi aski. Gashi ya fito masa fari fat kamar auduga, hula ba ta zama. Mai tondez ya ce zai zo har gida ya yi masa kyauta, Baba ya bi shi da sanda. Ga shi nan, yana son magana."

Baba Ilu yana ɗaga murya a waya kamar mai kiran wani daga gona.

"Habu! Kana shafa mata mai?"

"Ina shafawa, Baba."

"Ba ka bari kowa ya taɓa?"

"Ba na bari."

"To." Ya miƙa wa Hadiza wayar. Bai tambaye ni ko ina cin abinci ba. Na zauna a kan bulo na daɗe ina tuna gindin aduwar ƙofar gidanmu da safiyar Juma'a, da yadda yake sunkuyar da kai tun kafin in ce masa komai.

Alheri ɗaya na gani a garin nan, kuma dole in faɗe shi. A wani gini da muka yi aiki, uban mai gidan, wani tsohon Balarabe, yakan sa a kawo masa kujera ya zauna yana kallon magina. Lawali na ce masa Shibani, wai haka suke kiran tsoho. Wata rana lokacin hutu ya gan ni ina share asake, don ko'ina da zabira nake zuwa, ina rataye ta a ƙusa inda idona ke kai. Ya yafito ni. Ya karɓi ɗaya daga cikin sababbin, ya juya ta, ya gwada a farcensa kamar wanda ya san abin. Sai ya kwance rawaninsa ya dafa kansa.

Na wanke hannuna har sau nawa ban sani ba. Na jiƙa masa kai, na murza sabulu har ya yi kumfa, na bar gashin ya sha ruwa, na goga Tsohuwa a fata. Jan farko bai tafi daidai ba, daga nan hannuna ya tuna. Tsohon ya rufe ido. Da na gama ya shafa kansa da hannu biyu, ya yi doguwar magana. Lawali, wanda ya tsinci Larabci a hanya, ya ce, "Wai haka ake yi wa ubansa, kuma masu yin haka duk sun mutu."

Tun daga nan duk safiyar Juma'a ina gidansa. Yakan ba mu shayi da burodi. Da ya ga gwangwanin kifi sai ya shiga ciki ya fito da 'yar tasa ta tagulla ya ba ni. Da man gyaɗana ya ƙare ya zuba mini man zaitun a kwalba. Kai ɗaya ne a mako, amma shi ya riƙe ni a garin. Saboda shi nake jiƙa yatsuna da mai kafin in kwanta.

Wata Juma'a, bayan na gama na shirya kaya, ya riƙe igiyar zabira. Ya ja ni ɗakinsa, ya buɗe wani akwati mai tsabta, ya nuna ciki. Ya kira Lawali ya yi masa bayani.

Lawali ya ce, "Ya ce ana kame a gari. Ya ce baƙin mutum da ƙarfe a jaka, ba za su tsaya tambaya ba. Ka bar ta a nan, duk Juma'a ka zo ka tarar da ita."

Na dubi akwatin. Busasshe ne, da makulli, ko ƙura babu. Na san tsohon ba zai ci amana ba.

Na ce, "Faɗa masa na gode. Zabira ba ta kwana gidan wani."

Lawali ya ce, "Wanzam, a kango fa kake kwana da ita. Kangon gidan ubanka ne?"

"Inda nake nan ne gidanta."

"To bar tsohuwar kaɗai. Ita kaɗai. Ka tafi da sauran."

"Ba a rabawa."

"Wa zai sani? Baba Ilu na Ollelewa, kai kana nan."

"Ni zan sani."

Tsohon ya dube ni, ya rufe akwatin a hankali, ya faɗi wata kalma. Na tambayi Lawali me ya ce. Ya ce ba zai fassara ba.

Zango na shida ba wuri ba ne, bakin titi ne. Wata Juma'ar ce, mun fito daga gidan tsohon da hantsi, ƙanshin sabulu bai bar hannuna ba. Motoci suka tare titin gaba da baya. Masu kaki suka sauko suna tara duk wani baƙar fata, suka jera mu fuska ga bango. Ɗaya ya fizge zabira daga kafaɗata. Bai buɗe ta ba yadda ake buɗewa. Ya kama gindinta ya zazzage a kan mota. Dutse ya faɗo, ƙahoni suka gangara, tasa ta yi ƙara. Tsohuwa ta zame daga aljihunta ta faɗi da baki a kan ƙarfen motar. Na ji sautin. Duk wanzami ya san sautin aska da ta yi giɓi.

Ban san na motsa ba. Na miƙa hannu in ɗauke ta, sai na ji kulki a kafaɗa, na durƙusa. Lawali yana ihu daga bango, "Kwafer! Kwafer ne! Mai aski ne!" Mutumin ya ɗaga Tsohuwa da yatsa biyu ya nuna wa 'yan uwansa. Ya zagaya kansa da dunƙulen hannu yana kwaikwayon kukan tondez, suka yi dariya. Ya jefa ta cikin wani kwali inda suke tara wayoyi da wuƙaƙe da ƙusoshi. Sauran ukun suka bi ta. Almakashi ya bi, tasar tsohon ta bi, fatar ma ta bi. Wani ya busa ƙaho kamar kakaki ya jefa. Sabulun ya faɗi aka taka shi. Dutsen kuwa, mutumin ya auna shi a hannu, ya ga dutse ne kawai, ya yar. Ya wurgo mini jakar a ƙirji.

Na ɗauki dutsen da hannun da ke motsi, na naɗe shi a tsumma, na sa shi can ƙasa. Shi ne na farko a tsari. Babu na biyu.

Sun tsare mu a wani fili mai katanga tare da mutane masu yawa, maza da mata. Na roƙi duk mai kakin da ya wuce, da Hausa, da ɗan Faransancin da na sani, da hannu. Na ce su riƙe ukun, su riƙe komai, su ba ni siririyar kaɗai. A lokacin na yarda a raba. Babu wanda ya tsaya. Ban sake ganin kwalin ba, kuma ban samu na yi wa tsohon sallama ba. Na san Juma'ar da ta biyo ya zauna yana jira.

Zango na bakwai, komowa. Aka loda mu a manyan motoci aka yi kudu da mu. Da safe aka sauke mu a tsakiyar rairayi, aka nuna mana inda Assamaka, garin farko na ƙasarmu, take, aka juya. Muka kama tafiya. Rana ta ɗaga. Wasu suna zubar da abin da ke hannunsu, riga, buhu, har takalmi. Lawali ya daina barkwanci tun a filin. Kafaɗar da aka doka ta kumbura, na mayar da zabira ɗaya kafaɗar, dutsen yana bugun haƙarƙarina a kowane taku.

"Wanzam, yar da dutsen nan," in ji Lawali.

"A'a."

"Me za ka wasa da shi?"

Na ci gaba da tafiya. Can gaba da na fara tangaɗi, ya karɓi jakar ya rataya a wuyansa har muka hango rumfuna.

A Agadas muka rabu. Shi ya ce ba zai shiga Gangara hannu rabbana ba, zai nemi aiki ya sake gwadawa. A tasha ya je wajen mai tebur ya dawo da ɗan ƙunshin reza ya cusa mini a aljihu.

"Riƙe. Gemunka ya koma na bunsuru, kada ka tsorata Hadiza."

Ya yi ƙoƙarin dariya. Ban sake jin labarinsa ba.

Ban aika gida da maganar ba. Wayata tana cikin kwalin, kuma ko da tana hannuna ban san yadda ake faɗin wannan a waya ba.

Na iso ƙauye da hantsi. Hadiza ta fito da gudu, ta tsaya. Ta dubi fuskata, ta dubi zabira yadda ta lafe a jikina ba tudu, ta ce, "Sannu da hanya," ta juya ta kawo ruwa. Ban gama sha ba aka ce Baba na kira.

Yana gindin aduwa a kan tabarmarsa. Ya cire hula. Gashi fari ya rufe masa kunne ya sauka ƙeya, ban taɓa ganin sa haka ba. Buta na gefensa. Ya riga ya jiƙa kansa da kansa, ruwa na bin wuyansa yana shiga riga.

"Habu, zo. Gaisuwa daga baya."

Maƙwabta sun fara taruwa, masu yi mini barka, masu cewa yau dai Baba Ilu zai koma mutum. Na durƙusa a bayansa. Na buɗe zabira, hannuna ya tafi aljihun Tsohuwa shi kaɗai, ya dawo. Na fitar da dutsen na ajiye a gefe. Na ce wa Hadiza ta kawo sabulu da ƙoƙon ɗaki. Na murza kumfa, na daɗe ina murzawa fiye da yadda ake yi. Masu surutu suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya, don su suna gani. Shi ne kaɗai ba ya gani.

Na ɓare reza, na riƙe ta da yatsa biyu. Na dafa goshinsa, na ja sau ɗaya.

Wuyansa ya sandare. Ya ɗago hannunsa mai rawa ya kama nawa, ya bi yatsuna har ya taɓa abin da ke tsakaninsu. Ya sake ni. Ya laluba tabarma ya jawo zabira kan cinyarsa. Ya zura hannu yana bin aljihuna bisa tsari, na farko, na biyu, na uku. A na huɗu ya bar yatsansa ya daɗe.

"Duka?"

"Duka, Baba."

"Ba ka raba ba?"

"Ban raba ba."

 Kumfa ta fara bushewa a gefen kansa. Wata mata a bayanmu ta ja ɗanta suka tafi.

"Ka ce za ka bar mini ita," in ji shi, ba da ƙarfi ba, kuma ba ni yake kallo ba.

Na tsaya da rezar a hannu.

Ya ajiye zabira a gefe, ya sunkuyar da kai yadda ya saba.

"Ƙarasa. Kai ya riga ya jiƙe."

Na ƙarasa. Na yanke shi a bayan kunne, na yanke shi a ƙeya, bai motsa ba. Da na gama bai shafa kansa ba. Ya sa hula ya laluba sandarsa ya shiga gida.

Na wanke rezar, na share ta, na bar ta ta sha iska. Na naɗe dutsen na sa can ƙasa. Na shafa wa rezar mai na sa ta a aljihun farko, baki yana kallon ƙasa. Aljihu na huɗu na bar shi yadda yake.